Fitilun Ciyaman

"Wa ya ce ka ɗora waɗannan?" in ji Sista Mary, tana nuna manyan fitilu huɗu da aka jera a rufin a-kori-kurar.

Bature mai gyaran wutar mota bai fito da kansa daga cikin injin ba. "Wanda ya sayi motar, Sista."

Ƙungiyar 'yan asalin yankin mazauna Kaduna ce ta sayi motar, don ƙaramin asibitin da Mary take riƙe da shi a wani ƙauye bayan Randagi. Amma tunda shugabansu Alhaji Abdulkahar ne ya riƙe makulli ranar ɗaukar hoto, kowa ya yarda shi ya saya, har da shi kansa. Tare da motar an ba da na'urar iskar numfashi. Na'urar ce Mary ta kawo garejin nan na bayan tashar Birnin Gwari a haɗa wa wuta, domin ta baro Baba Bakoji kwance yana jan numfashi kamar ana zarton katako. Idan ba da iskar ba, tsohon ba zai kai babban asibiti ba. Kuma duk mai son ransa ba ya bari la'asar ta same shi a dajin nan.

"To, ka haɗa na'urar mu tafi."

"Da me?" Bature ya miƙe yana goge hannu a wando. Ya nuna mata wani dunƙulen ƙarfe a gefen injin. "Wannan shi ne altaneto, shi ke ciyar da batir. Duk abin da kika kunna a motar nan a kwanonsa yake ci. Zo mu yi lissafi."

Ya tsuguna ya fara zane a ƙasa da ƙusa. Motar kanta, da fitilunta na gaba da fanka da sauran tarkace, tana cin wuta amfiya ashirin da biyar. Na'urar Mary tana neman kusan talatin. Fitilun Alhaji, kowace wat ɗari, in aka haɗa su aka raba da sha biyu, ƙarfin batir, sun haura talatin.

Mary ta leƙa jikin ƙarfen. "Ga shi an rubuta tamanin. Cire ashirin da biyar, saura hamsin da biyar. Ka ba na'urata nata, ka bar masa fitila biyu ya yi wasa da su."

Isiyaku direba, wanda ke zaune a kan tsohuwar taya yana cin gyaɗa, ya yi dariya har ya ƙware.

A garejin Najeriya, mai sake naɗa wayar altaneto riwaya ake kiransa. A wajen malamai kuwa riwaya labari ne da wani ya ji daga wani. Bature ya san duka biyun.

"Tamanin ɗin nan riwaya ce mai rauni, Sista. Hannu nawa ya taɓa shi kafin ya zo nan, Allah kaɗai ya sani. Ko da sabo ne ma, tamanin sai a kan kwalta, mota tana gudu. Ke kuma Randagi za ki. Isiyaku, giya ta nawa kake sa wa a hanyar?"

"Ta ɗaya. Ranar da Allah ya so ni, ta biyu."

Aka tayar da motar, Isiyaku ya taka totur daidai yadda yake rarrafe cikin ramuka, Bature ya maƙala mitar awon wuta. Hamsin da biyar, gaba ɗaya. Bayan motar ta ci nata, abin da ya rage da ƙyar ya ishi na'urar, balle a ƙara fitilun.

"In aka haɗa duka fa?"

"Batir zai riƙa cike giɓin har ya ƙare. Sai motar ta mutu inda ta ga dama."

"Kuma ba a gaban ofishin 'yan sanda take ganin dama ba," in ji Isiyaku.

"To ka sa musu makunni, mu bar su a kashe."

Bature ya sosa ƙeya. "Ciyaman ya ce a haɗa su da makulli kai tsaye. Da an murɗa su kama. Wai ya san halin direbobi."

Mary ta ɗaga kai ta dubi fitilun. Ta karɓi haihuwa da fitilar waya a baki. Ta taɓa ɗinke ƙafar manomi ana jin harbi a bayan gari. Yau kuma tana tsaye a rana tana neman alfarmar amfiya talatin daga hannun fitila.

Ana cikin haka Alhaji Abdulkahar ya iso, cikin shadda mai ƙara, da mutum uku a bayansa, ɗaya riƙe da waya a sama yana ɗaukar bidiyo tun kafin a yi wani abu.

"Sista! An gode Allah, an gode mana. Kin ga motarki?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Fitilun nan ne ba za su yiwu ba. Wutar ba ta isa."

"Mota ce fa, ba tocila ba."

Ta nuna masa zanen ƙasa. Ya dube shi kamar yadda ake duban kashin kaza, ya matsa da takalminsa gefe.

"Ni ban san wannan ba. Mutanenmu sun sha wuya. Ina so in motar nan ta taho, tun daga nesa a san ƙungiya ta yi aiki."

"Za a sani kuwa," in ji Mary. "Mutanen daji ma za su sani, su da ba su biya kuɗin ƙungiya ba. Akwai tsoho can yana mutuwa, Alhaji. Iska yake nema, ba haske ba!"

"Ki iya bakinki, Sista. Randagi ba ita kaɗai ce ke son mota ba." Ya juya ga Bature. "In na dawo daga azahar in gan su suna ci. In ba haka ba, makullin ya koma Kaduna tare da ni."

Da suka tafi, Bature ya ɗauki wayar fitilun yana jujjuya ta. Mutum ne mai son zaman lafiya da duk wanda zai iya kawo masa wata motar.

"To, Sista, ni ɗan aike ne."

"Ka ja wayar," in ji ta. "Ka ja ta tsaf, tun daga rufi har cikin inji, yadda duk wanda ya leƙa zai ga aiki. Ƙarshenta kuma ka naɗe da salatif ka tura bayan batir, kada ka haɗa."

"In ya gane fa?"

"Ka ce ni ce. In Baba Bakoji ya mutu a hanya kuwa, zan ce kai ne, kuma a gidansu zan faɗa."

Bature ya auna maganganun biyu, ya ga wadda ta fi nauyi, ya nemo salatif.

Bayan azahar aka turo motar tsakiyar fili. Alhaji ya shiga da bisimilla ya murɗa makulli, ya fito ya ja da baya yana kare ido da tafin hannu. Rana tana tsaka, ta bugi gilasan nan huɗu sai ƙyalli suke. Ya tsaya yana ƙifta ido. Mary ta zuba masa ido.

"Masha Allah!" in ji mai ɗaukar bidiyo. "Har ba a iya kallo!"

"Kai, wannan ai sai ta makantar da mutum," in ji na biyu. Na ukun, da ya ga an riga shi, ya ce shi har zafinsu yake ji a fuska.

Alhaji ya gyaɗa kai, ya dubi Mary. "Ga shi wutar ta isa. Ku 'yan boko kun cika tsoro."

Ta hau baya ta kunna na'urar, ta kara bakin robar a kuncinta. Iska tana fita, siririya, ba yankewa. Ta daki rufin motar da tafin hannu alamar a tafi.

Alhaji ya leƙa tagar direba ya ɗaga yatsa. "Kai kuma, kada in ji an ce ka kashe min su a hanya."

"Wallahi ba zan kashe su ba, Alhaji," in ji Isiyaku, ya sa giya ta ɗaya.