Hatimin Malam Falalu

"Ku riƙe shi ta hammata, ba buhu ba ne!" Inna Taiba ce ke faɗa daga zaure, mu kuwa muna ta kokawar saka mijinta a gaban a-kori-kurar Muttaka. Ciwo ya cinye Malam Falalu har ƙasusuwansa na sukar hannuna, amma bakin nan nasa yana nan daram.

"Dikko, ka ɗauko jakata? In babu guduma ciki, mu koma."

Ni ne Dikkon, kafinta, katanga ɗaya ce tsakanina da shi a Talata Mafara shekara goma sha huɗu. Kuma ni na jawo wannan wahala. Wata bakwai na yi a bakin ruwan Bakolori ina haɗa jirgin katako mai cin mutum arba'in da buhunan albasarsu, don in riƙa ɗauko mutanen ƙetare ranar kasuwa. Da na gama, ƙungiyar masu jirage ta ce ko akuya ba zan ɗauka ba sai da takardar mai duba jirage mai lasisi. Duk faɗin Mafara da Bakura da Maradun kuwa mutum ɗaya ke da wannan hatimi, Malam Falalu, ga shi kwance.

Shekara talatin ya yi a Fatakwal yana shiga cikin manyan jiragen teku, ya ce wannan ya tashi, wancan ya tsaya. Da ya dawo gida muna yi masa ba'a, wai mai duba jirgin teku a garin gero. Bai taɓa kula mu ba. Duk shekara sai ya cika takardu ya aika wa ƙungiyarsu ta masana a sabunta masa lasisi, ko da kwale-kwale biyar kawai zai duba.

Na fara kai masa takardar ne har kan gado.

"Malam, ka san aikina. Ƙofar ɗakin ga ma ni na yi ta. Sa hannu kawai ka buga hatimi."

"Ƙofa ba ta nutsewa da mutane," in ji shi. "Ba ni sa hannu ga abin da ban gani ba."

"To ai ba ka iya tashi!"

"A ɗauke ni."

Shi ya sa muka kama hanya da hantsi, Muttaka na lallaɓa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai.

Jirgin na bisa gungume a bakin ruwa, shuɗin fenti na ƙyalli. Masunta suka taso gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya iyali, har sai da na ji kamar in kore su. Muka tallafe shi, ya zagaya a hankali. Ya auna tsawo da faɗi da zurfi, ya cusa farce tsakanin katakai, ya shinshina kwalta, ya ƙirga rigunan ceto ɗaya bayan ɗaya.

"Aiki ya yi kyau ga ido," ya ce. Ni kuwa har na fara laluben biro a aljihu.

Sai ya ciro 'yar gudumar. Haka aikinsu yake: katako mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda ya ruɓe ta ciki kuwa muryarsa a dishe take, ko an shafe shi da fenti bakwai. Ya ƙwanƙwasa na farko, ya kara kunne. Ya sake. Ya juya ɗaya kunnen ya manna da katakon, ya buga da ƙarfi. Ya daɗe a haka. Ruwa na ta taɓa gaɓa yana komawa.

"Dikko, yi magana."

"Mi zan ce, Malam?"

Bakina yake kallo, ba idona ba. A nan na gane cewa kwanakin nan duk da bakinmu yake sauraronmu.

"Muryarka kamar daga rijiya," ya ce. "Itacen ga kuwa ban jin shi ko kaɗan. Ciwon ga ya tahi da kunnena ban sani ba."

"Ni ina ji! Wallahi garau yake amsawa. Muttaka, ba ka ji ba?"

"Garau," in ji Muttaka.

"Kunnen Muttaka ba shi da lasisi. Naka kuwa kunnen mai jirgi ne, abin da yake so shi yake ji." Ya mayar da gudumar jaka. "Ban ce jirginka ba shi da kyau ba. Ni ne ba ni da kyau."

Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Wata bakwai, ga damina ta ƙare, ga albasa na shirin fitowa, ga jirgi lafiyayye, wai kunne! Na ce, "Haba Malam, wa zai tambaye ka? Kai da ka kusa..." Na haɗiye sauran, amma ya riga ya karanta a bakina.

"Wanda zai tambaye ni, Shi na kusa iskewa."

Muka mayar da shi mota muka dawo gida.

Kwana uku ban taka zaurensa ba. Ina jin tarinsa ta katanga, ina ƙara wa zarto ƙarfi. Matata Hanifa ta kai masa kunu ta dawo ta dangwarar da kwano gabana, ta ce, "Ka girma amma ba ka ji kunya ba." Talata ranar kasuwa ta zo, jiragen wasu suka yi sawu huɗu-huɗu, nawa na bisa gungume awaki na kwana a inuwarsa.

Ranar Laraba Inna Taiba ta aiko in zo. Ta miƙo mini ambulan biyu. Ɗaya mai nauyi, hatimin ne a ciki da wasiƙa zuwa ga ƙungiyarsu, yana shaida masu kunnensa ya mutu, a cire sunansa. Ɗayar ta wani Sufyanu ce a Yawuri, wanda ya koyi aiki a hannunsa, yana roƙonsa ya zo ya duba jirgina. Ba a liƙe ta ba, na karanta. A ƙarshe ya rubuta: "Maƙwabcina ne, mutumin kirki ne. Kada wannan ya sa ka rage katako ko ɗaya."

Na shiga na durƙusa bakin gadon. Kunya kamar ta kashe ni.

"Malam, ka yahe mini."

"Mi?"

Na ɗaga murya har Inna Taiba ta leƙo. Ya yi 'yar dariya, ya dafa kaina. "Wannan ma ban ji ba. Tashi ka kai saƙo tasha kahin mota ta cika."

Washegari bayan azahar ya cika, Allah Ya jiƙansa. Ba hayaniya, Inna Taiba ta ce yana kallon rufin ɗaki ne kawai ya yi shahada ya yi shiru.

Da yake ni ne kafintan unguwa, ni aka ba aikin itacen da za a jera bisa kabari. Aka kawo su a kura, na yanke daidai faɗi. Bayan la'asar aka sa shi, mutane suka yi layi, ina miƙa itace ana jerawa. Na huɗu na ɗauka na ji shi sakayau. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, na kara kunne. Gara ta shige shi ta ciki.

"Dikko, miƙo mana," in ji Muttaka daga bakin ramin. "Ƙasa za a rufa bisa, wa zai gani?"

Na aje shi gefe. Na sunkuya na ɗauki na biyar, na ƙwanƙwasa, jama'a na tsaye cikin rana suna jirana.