Hannun da Glenys Ta Ɗaga

Glenys Torrisi ta tsufa tana raba takardun jam'iyyar manoma a bakin rumfar zaɓe, a garinmu na rake da ayaba a arewacin Queensland. Tun da mijinta ya rasu, reshen jam'iyyar ya zame mata dangi. Can take kai kek ɗin da ta gasa, can ake tambayarta ya ciwon gwiwa.

Zaɓen jiha na bana bai ba kowa rinjaye ba. Jam'iyyarta ba ta da hanyar kafa gwamnati sai ta haɗa kai da wata sabuwa mai ƙyamar baƙi 'yan ci-rani, wadda ta kwashe kujerun karkara. Aka kira taron reshe ranar Lahadi don a mara wa haɗakar baya.

Shugaban reshen, Des Kuhnke, ya ce zaman wucin gadi ne, ba aure za a ɗaura ba. Glenys ta miƙe ta tuna musu cewa kakanta ma jirgin ruwa ne ya kawo shi daga Sicily, kuma lokacin yaƙin duniya an tsare shi saboda sunansa na baƙo kawai. Ta ambaci maƙwabcinta Malkit Sandhu, manomin ayaba mai tsatson baƙi, wanda magoya bayan sabuwar jam'iyyar suka sha yi wa rawaninsa ba'a.

"Mun ji, 'yar'uwa," in ji Des yana murmushi. "Zauna kada gwiwar ta tashi."

Da aka nemi masu adawa, hannunta kaɗai ya tashi. Ba wanda ya yi mata faɗa. Lokacin shan shayi dai kowa ya sami abokin hira ban da ita, kek ɗin kuma yadda ta kawo shi haka ta koma da shi.

Washegari ta je rumfar da Malkit ke shirya ayaba a kwali, ta kwashe labari ta gaya masa. Ya goge hannu a jikin wandonsa, sannan ya yi magana.

"Glenys, ai ni ma sabuwar jam'iyyar na zaɓa."

Ya ce bara da guguwa ta kwantar masa da gona, ɗan takararsu kaɗai ya tako cikin taɓo ya duba shi. Maganar baƙi kuwa ba da shi ake ba, tunda a nan aka haife shi. Ta tambaye shi ko masu ba'ar sun san haka. Sai ya ɗauko nonon ayaba ya sa mata a mota.

Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati ta fice daga jam'iyyar. Ba a kira ta an ji dalili ba. Har yanzu muna gaisawa da ita, galibi daga tsallaken titi. Ranar Lahadi takan tuƙa zuwa bakin kogi, ta kashe mota, ta zauna a ciki har rana ta yi sanyi.