Ƙaramin Taka-Bado

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, ban kuma isa in sa baki a sha'anin manya ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Mai Hoto da matarsa, abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na rubuta.

"Ni ban ga komai ba sai ciyawa da ruwa!" in ji Inna Mai Ɗinki, tana duba hoton da ke cikin kyamarar mijinta, kamar ta buga ta da ƙasa.

Mijinta Mai Hoto yana kwance, ƙirjinsa na ƙugi kamar tsohon injin markaɗe. Tun da ya rufe shagonsa ya daina ɗaukar mutane, ya koma bakin tafki yana ɗaukar tsuntsaye da tsirrai, ya dawo ya buɗe littafi yana neman sunansu. Akwai wani ɗan tsuntsu da ya hana shi sakat. Kowa ya ce ɗan taka-bado ne, mai yawo kan ganyen bado, bai gama girma ba. Shi kuwa ya dage cewa iri ne dabam, iyakar girmansa ke nan. Garin binsa ya shiga ruwa har ƙirji da sanyin safiya, sanyin ya bi shi gida. Likita ya duba shi, ya ce a koma da shi ɗakinsa. Yanzu idonsa ba ya iya ganin hoton da ya ɗauko.

"Duba gefen hagu," ya ce.

"Hagu, dama, duk dishi-dishi ne. Hannunka ya yi rawa. Ka kashe kanka a kan dishi-dishi!"

Babban ɗansu, direban tanka, ya ja ta bakin ƙofa. "Inna, ki ce masa tsuntsun ya fito a hoton mana. Me za ki rasa?"

"Ka ji ɗan banza! Tun kafin a haife ka nake faɗa da mutumin nan, ban taɓa yi masa ƙarya ba. Sai yau da yake kwance?"

"To ya tafi da baƙin ciki ke nan?"

Ta rataya kyamarar a wuya kamar laya, ta zari jan mayafi.

"Ba ja ba," Mai Hoto ya ce daga kan gado. "Sa mai duhu. Kuma ki rufe bakinki in kin je."

"Ko kana gargara sai ka koya mini sa kaya!"

Amma ta canza mayafin.

Hanyar tafkin ta bi ta bayan garejin makanikai, inda baƙin mai ke gangarawa cikin kwata. Tafiya take tana zagi. Ta zagi tafkin, ta zagi bado, ta zagi wanda ya ƙera kyamara. Balbelu suka watse, wani zalɓe ya ɗaga ya bar mata wurin. Ta sami dutsen da mijinta yake zama a kai, ta zauna, ta ga babu ko gauraki, sai kwaɗi. Nan ta tuna safiyoyin da ta ci abinci ita kaɗai saboda wannan dutse, da wandunan da ta wanke taɓonsu har hannunta ya tsage. Haushi ya cika ta har ta rasa abin faɗa.

Da bakinta ya mutu, sai ruwan ya fara motsi.

Rana ta ɗaga kafin ta dawo. Maƙwabta sun cika tsakar gida har da ni, ɗan yana zarya. "Inna, ina kika tsaya? Tun ɗazu yake tambaya!"

Ta ture shi ta shiga. Mai Hoto ya buɗe ido da ƙyar.

"Kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"Kash."

"Maɓallai sun fi na rigar ɗan sanda yawa, wa ya san wanda ake dannawa? Amma na gan shi, munafukin. Nan da can, kamar in kai hannu."

Ya yunƙura, ɗan ya tallafe shi. "Goshinsa shuɗi ne?"

"Babu wani shuɗi. Kansa ja-ja, cikinsa fari, yatsu zaƙo-zaƙo kamar na ɓarawo."

"Haka 'ya'yan manyan suke kafin su girma," ya ce, muryarsa ta faɗi. "Ba hujja ba ce."

"Ka bari in gama mana! Kullum sai ka katse ni. 'Ya'ya biyu yake ja a baya, ƙanana kamar zaren da aka dunƙule. Da shaho ya gifta, ya buɗe fiffike suka shige. Kai da littafinka, ka taɓa ganin jariri da goyo?"

Sai kafaɗun Mai Hoto suka fara girgiza. Ɗan ya ɗauka shaƙewa ce, ya rarumi kofi. Dariya ce.

"Na faɗa musu," ya ce. "Sake faɗa. Guda nawa?"

"Biyu! Ka kurumce ne kuma?"

"Biyu," ya ce, ya lumshe ido.

Ta ci gaba da yi masa faɗa. Ta ce da ya tafi da ita tun farko, da tuni an wuce wurin ba tare da kowa ya jiƙa ba. Ta ce bai taɓa ce mata zo ki gani ba, ko sau ɗaya. Tana cikin faɗan ɗan ya taɓa kafaɗarta.

Da yamma mata suka cika ɗakin suna yi mata ta'aziyya, suna ba ta haƙuri. Ta jawo gefen zanenta kan gwiwa, tana cire ƙarangiyar da ta maƙale, tana tarawa a tafin hannu.

Ni kuwa na lallaɓa ta bayan randa, na ɗauki takalmina a hannu, na fice.