Kujera Biyu a Jere

Yayana Mukhtaru bai taɓa kai matarsa ko'ina ba. Da ƙauna nake faɗin haka, don ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, a unguwar Tandabawi, nan birni mai tsarki, aka haife mu duka. Matar tasa Sa'adiya ta san Jidda saboda yayarta na can, ta san Madina, ta san Ɗa'ifa da ake zuwa shan iska a dawo da yamma. Iyakarta ke nan. Dogon hutun da ma'aikata ke samu na Hajji ne, shi kuwa Yaya duk Hajji yana Mina, yana gaban ayarin alhazai da lema a ɗage don kada su ɓace masa. Gidansu na unguwar Aziziyya sai a ba alhazai haya, Sa'adiya ta kwashi yara ta je ta raɓe a falon yayarta har a watse. Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu.

Bara gwiwa ta ce masa ya isa haka, ya ajiye aikin Mina. Muna zaune wata Juma'a bayan an ci shinkafa, sai ya gyara murya ya ce bana shi da Sa'adiya Turai za su je, kuma a jirgin ƙasa za su zagaya ta. Wai wani abokinsa Ma'aruf ne ya nuna masa a waya, wani jan jirgi yana ratsa duwatsu masu ƙanƙara, tun daga ranar abin ya tsaya masa a rai. Har ya nemo musu biza, ya sayi tikitin jirgin sama, ya kuma sayi wani kati da ake biya sau ɗaya mutum ya yi ta hawa jiragen ƙasa na ƙasashen can har kwanakinsa su cika. Duk ya yi wannan bai nemi shawarar ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba, kuma abin da ya fi yi masa daɗi ke nan.

“Kamar iswara ce,” in ji shi, yana nufin abin hannun nan da ake ɗaura wa alhazai don shiga jirgin ƙasan Mina da Arfa. “Ka ɗaga hannu, a buɗe maka ƙofa. Halas. Ba wanda zai sake tambayarka ko riyal ɗaya.”

Sa'adiya ta tashi ta kwashe kwanuka. Amma na bi ta kicin na same ta tana wanke faranti ɗaya tana sakewa, tana murmushi ita kaɗai. Daga ranar ta shiga shiri. Ta sayo takalmin tafiya mai taushi, ta ba da ɗinkin abaya mai kauri wai ko za a yi sanyi, ta soya dambun nama don ba ta yarda da abincin mutanen can ba. Matan unguwa kaf sun ji labari, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Da Zulƙida ya raba, na je taya su kwashe kaya. In za a ba alhazai gida, komai na masu gidan sai a tara shi a ɗaki ɗaya a kulle, a bar musu katifu da firiji da na'urar sanyi. Aiki ne mai cin baya. Ina naɗe labule, Sa'adiya na zaune a ƙasa tana nannaɗe kofunan shayi da tsofaffin mayafai, Yaya kuwa yana tsaye a tsakiyar falo yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Autarsu Shahad, wadda ke aiki a asibiti, ta karɓi wayarsa don ta tsara musu jirgin da za su hau a kowace rana.

Can sai na ga ta ɓata fuska tana ta matsa wayar.

“Baba,” ta ce, “ka yi hajzun kujeru?”

“Wane hajzu kuma? Na biya, ya binti.”

“Katin ka biya. Jiragen nan masu gudu, wanda zai kai ku Faransa da na cikin Italiya, sai an kama kujera tun kafin ranar, kuma kowace kujera da kuɗinta daban. In ba ka kama ba, ba za su bar ka ka shiga ba, ko da katin a hannunka.”

Yaya ya yi dariya irin ta babba da yaro ya yi masa shirme. Ya ce ta sake dubawa. Ta sake dubawa, ta karanto masa inda aka rubuta, da Larabci ma, a ƙasan shafin da shi da kansa ya danna ya ce ya yarda. Da ta haɗa kuɗin kujerun mutum biyu na duk tafiyar, abin ya kai kuɗin ragon layya mai kyau. Ta kuma ce lokacin zafi ne a can, kowa na yawo, kujerun da ake ware wa masu irin katinsa sun fara ƙarewa.

Na san Yaya tun yana yawo ba takalmi. Ba marowaci ba ne, wallahi. Mutumin da zai ciyar da baƙon da bai san sunansa ba har ya ƙoshi. Amma abu ɗaya ne ba ya jurewa, a ce ya biya sannan a sake miƙo masa hannu. Shekara da shekaru yana faɗa da direbobi da masu tura keken tsofaffi a kan haka, in sun so su ƙara wa alhazansa kuɗi bayan an gama magana. Kunnuwansa har rawa suke in ya fara.

“Haram!” ya ce. “Wannan ai zalunci ne da rana tsaka. Jirgin Madina nan kusa, sau ɗaya kake biya, kujerarka na ciki. Su me suka sayar min in ba wurin zama ba? Iska?”

“Baba, ma'alesh, ni zan biya,” in ji Shahad. “Ba wani abu ba ne.”

Nan ta ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Ya dube ta kamar ta mare shi.

“Ni na ce zan kai uwarki, ba ke ba. Ki mayar musu da katinsu su ba ni kuɗina. An fasa.”

An riga an karɓi kuɗin hayar gida, alhazai na kan hanya. In an fasa, Sa'adiya falon yayarta za ta koma da sabon takalminta, ta kuma dawo ta fuskanci matan unguwa. Na dube ta. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da naɗe kofi, sai dai ta naɗe shi da mayafi har ya zama kamar kan jariri.

Ni bakina ba ya jin birki. Na ce, “Haba Yaya, don Allah ka ji kunya. Kai ne ba ka karanta ba, sai ka huce a kan baiwar Allah? Da Ma'aruf ya nuna maka jan jirgi, ya ce maka na ubansa ne?”

“Hure, ki fita daga maganar nan.”

“Na shiga, kuma ba inda za ni.”

Shahad, da yake ta fi mu hankali, ta koma kan wayar. Ta ce akwai wata hanya. Wasu jiragen ba dole ne a kama kujera ba, katin kaɗai ya isa. Sai dai suna tsayawa a kowane gari, ana sauka a sake hawa wani, kuma duk wanda ya riga shi ke zama. In jirgi ya cika, sai mutum ya tsaya, ko ɗaya ya samu wuri a wannan tarago ɗaya a wancan.

Fuskar Yaya ta washe nan take.

“To, ai shi ke nan! Tayyib. Su za mu hau. Wa zai koya min shiga jirgi cikin cunkoso? Ni da nake shigar da ayari guda a tashar Mina ban bar ko tsohuwa ɗaya a baya ba? Da an buɗe ƙofa zan kutsa in kama wa uwarki wuri, in ɗora mata jaka a sama. Ni kuwa in tsaya. Tsayuwa a jirgi ai ni na saba, rayuwata kaf a tsaye na yi ta.”

Ya faɗi haka yana alfahari, har da buga ƙirji. Ya juyo gare ni yana jiran in ce ya yi nasara.

Sai Sa'adiya ta ajiye kofin. Maƙwabta Abu Talal suke kiransa, wato baban Talal, ita kuwa har yau ba ta kama sunan ɗan farin nata, Malam take ce masa.

“Malam,” ta ce, “in tsayuwa za ka yi, ka bar ni in tafi Jidda.”

“Wace irin magana ke nan? Ke ai a zaune za ki tafi.”

“Na san zama. Duk shekara ina zaune a falon Yaya Samah, kai kana tsaye a Mina. Mu yi layya ba ka nan, yara su sa sababbin kaya ba ka gani ba. Ka dawo murya ta dushe, ƙafa ta kumbura, ka kwanta kwana da kwanaki ba a magana da kai. Ban taɓa cewa komai ba, don aikin baƙin Allah ne.” Ta goge hannunta a jikin zane. “Ni ba duwatsu nake son gani ba, ga duwatsu nan sun kewaye mu. Da ka ce jirgin ƙasa, abin da na hango shi ne ni da kai a zaune wuri ɗaya, ba wanda ke kiran sunanka, ba inda za ka tashi ka je. In zan je har ƙasar mutane in zauna kusa da wani ƙato da ban sani ba, kai kana can bakin ƙofa kana tsaron jaka, to me na je yi?”

Ni dai idona ya cika, kuma ban ɓoye ba. Shekara nawa muke tare da matar nan, ban taɓa jin ta haɗa magana mai tsawon haka a gaban mijinta ba.

Yaya ya tsaya yana kallon labulen da na naɗe. Sannan ya nemi wuri ya zauna a kan wani kwali, kwalin ya lotsa da shi, bai ma kula ba.

“Shahad,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “wannan hajzun, mutum na iya zaɓar inda yake so?”

“A wasu jiragen, i. Ga hoton taragon nan.”

“Kawo in gani.”

Ya laluba aljihu ya ciro tabarau. Aka shiga zaɓe, kuma nan na ga ashe masifar ba ta ƙare ba, sauya wuri kawai ta yi. Wannan kujerar ta yi kusa da banɗaki. Waccan ta ba gaban jirgi baya, Sa'adiya za ta yi jiri. Ga wasu biyu suna fuskantar juna da tebur a tsakani, ya ce a'a, a jere yake so. Jirgi ɗaya na Faransa ba a samu biyu a haɗe ba a ranar da ya tsara, ya ce a ɗaga tafiyar zuwa washegari, garin ba gudu zai yi ba. A kowane jirgi Sa'adiya ce a jikin taga.

Da aka zo biya, Shahad ta miƙa hannu za ta ɗauko jakarta. Ya daka mata harara, ya ciro katin bankinsa, ya karanto lambobin da kansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi kuskure, aka sake daga farko. Duk kujerar da kuɗinta ya fita sai ya ce, “Allah ya isa,” sannan ya ce, “Saura wanne?” Sa'adiya ta koma kan kofunanta, ta ce min in miƙo mata wani mayafin.

Suka tashi a farkon Zulhajji, alhazai suka cika gidan, wasu mutanen kirki daga Katsina. Ni ina Tandabawi, ban je ko'ina ba, don ni ba wanda ya saya min kati. Kullum sai Yaya ya turo min hoton tasha ko na saniya a kan ciyawa, rabin hoton yatsansa ne.

Ranar da alhazai ke fita Mina, gari ya cika da ƙarar motoci da talbiya, sai ga saƙon murya daga Sa'adiya. Tana magana a hankali, ana jin gunjin jirgi a bayanta.

“Hure, muna cikin jan jirgin nan nasa. Duwatsun suna da kyau, ba laifi, har da ruwa na zubowa daga sama. Amma yayanki bai ga ko ɗaya ba. Tun da muka bar tasha ya ɗora kai a kafaɗata ya yi barci, har da munshari, Turawa na ta waiwayowa. Kafaɗar ta sage tun ɗazu. Ki gaya wa Shahad zan kira ta in mun sauka, yanzu ba na son in motsa.”