Ƙullin Jerko

Ranar Juma'a jirgin fito zai ɗauki Tonka daga tsibirinsu zuwa birnin Split, gidan kula da tsofaffi. 'Yarsu Neda ce ta sa hannu a takardun, kuma duk tsibirin ba wanda ya ga laifinta, don sau biyu ana tsinto uwar a bakin teku ko takalmi babu. Shekara guda ke nan Tonka ba ta kira sunan mijinta Jerko ba. "Bawan Allah" take ce masa, alhali shi ke ba ta abinci a baki. Shi kuwa ba ya neman komai kafin Juma'a illa ta dube shi ta gane shi, ko sau ɗaya ne.

Neda ta zo masa da allon katako, da ƙananan ƙusoshi, da shuɗin zare, da takarda mai zanen kwalekwale.

"Baba, ka kafa ƙusoshin a kan layi, sai ka riƙa zagaya zare daga wannan zuwa waccan. Ka yi mata kwalekwalenku, wataƙila ta tuna."

"Shekara hamsin ina teku, yau wasan yara za ki koya mini?"

"To sarkin masunta, bar shi."

Ina zai bari? Tana juya baya ya ɗauki guduma ya zauna gindin ɓaure. Yatsunsa sun yi kauri, ƙusoshin kuwa kamar ƙayar kifi. Ya doki babban yatsa ya fi sau biyar, ya zagi gudumar har kakanta. Duk da haka kafin la'asar kwalekwale ya fito, ko da yake hancinsa a karkace.

A wajen zare aka samu matsala. Zagayawa kawai ake yi a wuce, Neda ta faɗa masa. Amma sabo turken wawa. Hannun da ya tsufa yana ɗinkin komar kamun kifi ba ya ganin zare biyu sun gitta ya ƙyale su. Duk mahaɗa sai ya ƙulla, bai ma san yana yi ba. Laraba da Alhamis duk a kai suka ƙare.

Neda ta leƙa, dariya ta kama ta, sai kuma ta haɗiye.

"Baba, ai koma ka saƙa."

Gaskiyarta. Kwalekwalen ya ɓace cikin ƙulle-ƙulle, kuma babu sauran lokacin kwancewa. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci.

Da safen Juma'a Tonka tana zaune a ƙofar gida, an sa mata kwat, akwati a gefenta. Jerko ya ɗora mata allon a cinya haka nan, cike da kunya. Ba ta ko kalla ba. Yatsunta ne suka shiga bin zaren, yadda ta shekara arba'in tana laluben yagewa a komarsa. Can sai suka tsaya.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Ni na yi."

"Ƙarya kake, ƙullin Jerko ne. Duk tsibirin nan shi kaɗai ke juya zare ta hagu. Na yi faɗa har na gaji, kunnen ƙashi ne da shi."

Ya durƙusa gabanta.

"Tonka, ga ni. Dube ni."

Ta dube shi da kyau, cikin ladabi, kamar yadda ake duban baƙo. Sai ta rage murya don kada Neda ta ji.

"Bawan Allah, in ka san shi, ka taimaka ka gaya masa za su tafi da ni. In ya ji, ba zai taɓa bari ba."

Jerko ya ce zai gaya masa. Ya miƙe ya ɗauki akwatin don raka ta jirgi.