Yajin Masu Tura Motar Gyaɗa

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Ringim, wani attajirin gyaɗa a Dutse, Maigida Muntaka, ya je Kano ya sayo tsohuwar motar kaya a hannun wani Kwara, ɗan kasuwa mutumin Sham. Ranar da ta shigo gari har makafi sai da aka jawo su suka shafa ta. Sai dai motar tana da hali: duk sanda ta iso yashin wani busasshen rafi da ke kan hanyar Ringim, sai ta durƙusa kamar raƙumi, ba gaba ba baya.

Don haka Maigida ya ɗauki ƙarti masu turi. Babbansu shi ne Nata'ala, wanda dā korar jakuna yake yi kafin motar ta raba shi da sana'arsa. Da sassafe su loda buhuna, su kama hanya a ƙasa su je rafi su jira. In Isah direba ya iso ya kafe, su shimfiɗa zana a ƙarƙashin taya, su sa kafaɗa. Ta haye ta bar su da hayaƙi a hanci. In ta dawo su sake turawa, sannan su tako gida. Maigida ya hana su hawa, ya ce kowane ƙato nauyin buhu ne, kuma shi bai taɓa jin Bature ya sayi ƙato a tasha ba.

Haka aka yi ta yi, har ranar da Maigida ya aika wa surukinsa na Ringim rago. Nata'ala na turi, gumi na zuba, ya ɗaga kai sai suka haɗa ido da ragon, yana kwance a kan buhuna yana tuƙa.

"Jama'a," in ji shi bayan motar ta wuce, "yau rago ya hau, mu da muka san kowace ƙusa ta jikinta ba mu taɓa hawa ba. Isah ya ce a Ikko ma'aikata in an ɓata musu sai su haɗa baki su zauna. Gobe kada wanda ya fito."

Washegari ba wanda ya fito. Kafin azahar labari ya cika gari, mata na cewa mazan Maigida sun yi yaji. Luba, matar Nata'ala, ta kawo masa fura tana danne dariya.

"Malam, ni da na yi yaji gidanmu na tafi. Kai ina ne naka gidan? Ko in raka ka wajen Inna?"

Ya karɓi furar ya kai baki. Ta ce tunda dai yana zaune, ga dangar bayan gida ta faɗi, ga rumbu na yoyo. Cikin 'yan kwanaki Nata'ala ya yi aikin da ya fi turin mota, kuma ba ko goro.

Shi ma Maigida bai ji da daɗi ba. Ya tara 'yan'uwansa suka je rafi, suka tura motar ta ƙara nutsewa. Ya sa aka ɗaura mata shanun wani Bafillace, Isah na ba ta wuta shanun suka tsinke igiya suka shiga daji. Motar ta kwana uku a yashi, awaki na hutawa a inuwarta.

Baba Jaji, dattijon unguwa, shi ya ce da Maigida, "Wanda aka yi wa yaji shi ke zuwa biko. Ɗauki goro mu je."

Suka sami Nata'ala a kan rumbu yana baibaya. Ya sauko a hankali, kamar ba ya so.

"Nata'ala, me na yi maka?" in ji Maigida. "In ƙarin lada ne, faɗi mu ji."

"Ranka ya daɗe, darajar rago kawai muke nema."

Baba Jaji ya rufe baki da hannun riga. Aka yi ta ja-in-ja har la'asar, daga ƙarshe aka tsaya a kan za a rage buhuna, masu turi su riƙa hawa zuwa da dawowa.

Suka je suka fito da motar. Ranar tafiya ta farko Nata'ala ya sa rigarsa ta Juma'a, ya haye can ƙololuwar kaya yana ɗaga wa mutane hannu. Isah ya saki mota a gangaren bayan gari. Nan take duwatsu suka fara gudu da baya, itatuwa na zuwa kamar za su mare shi. Ya rungume buhu yana salati da ƙarfi, furar safe ta dawo ta inda ta shiga.

"Isah! Don girman Allah tsaya!"

Aka tsaya, aka sauko da shi. Ya zauna a ƙasa yana dafe da ita da hannu biyu, hularsa kuma iska ta tafi da ita tun a kwanar hanya.

"Shugaba, kai fa ka ƙwato mana hawan nan," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Na ƙwato muku. Ku hau. Ni zan riƙa yin gaba ina duba muku hanya."

Daga ranar sauran suka riƙa tafiya a kan buhuna suna waƙa, shi kuwa ya yi sammako da sandarsa ya riga su isa rafi. Ba a taɓa jin ya ce tsoro yake ji ba. In yara suka tambaye shi yadda hawan mota yake, sai ya gyara zama ya ce abu ne mai daɗi ƙwarai, amma sai mai ƙarfin zuciya.