Shari'ar Agogon Bango

Malamar aji biyu mace ce mai kirki, wannan ba wanda zai musa. Aibinta ɗaya, ba ta iya jiran ƙarshen magana. Kana buɗe baki ta riga ka isa inda za ka, ta miƙo maka sauran zancenka. Mijinta ya daɗe da sallamawa. Idan ya ce, "Ina ganin gobe..." sai ya yi shiru, ya saurari abin da yake gani.

Wadda abin ya fi shafa ita ce autarta, 'yar shekara goma sha biyu, wadda take cikin ajin nata a ƙaramar sakandare. Auta tana da in'ina. Tun ranar da Malama ta tarar da wasu yara suna kwaikwayonta a bakin famfo, ta ƙudurta a ranta ba za a sake yi wa 'yarta dariya ba. Da yarinyar ta maƙale a kan harafi, sai uwar ta cafe ta ƙarasa. Shekara shida ke nan Auta ba ta kai magana ƙarshe a gabanta ba.

Kotun garin tana da wani shiri na aika alƙali makarantu duk zango, don yara su san yadda ake shari'a. Ranar da layi ya zo kan aji biyu, Malama ta raba ayyuka tun da safe. Auta ta samu riƙon gorar ruwan baƙo, aikin da ba ya bukatar baki.

Alƙalin tsoho ne gajere, tabarau a kan karan hanci, magatakardansa na biye da wani ƙaton littafi. Ya dubi allon da aka cika da barka da zuwa, ya ce shi bai iya lacca ba.

"Ku ba ni ƙara ta gaske. Ba wata rigima a ajin nan?"

"Agogo!" in ji yara arba'in da baki ɗaya.

Mako biyu kafin nan, an dawo daga hutun tara aka tarar da agogon bango a ƙasa, gilashinsa ya tarwatse. Malama ba ta ɓata lokaci ba ta ɗora wa Dogo, yaron da ke zama a ƙarƙashin agogon, wanda ba ya rabo da ƙwallo. Ta yanke masa sharar aji ta wata guda.

Aka ja teburin Malama tsakiya, alƙali ya zauna. Aka tsayar da Dogo gefen taga. Mai gabatar da ƙara kuwa ba a yi gardama ba, aka ba wata yarinya da ake kira Rediyo, sunan da ba a banza ta same shi ba.

"Doka ta farko," in ji alƙali, yana buɗe littafin. "Da hannu nake rubutu, hannun kuma ya tsufa. Abin da bai shiga littafin nan ba, kamar ba a faɗe shi ba ne. Ku riƙa duban alƙalamina. Sai ya tsaya ku ci gaba."

Rediyo ta gyara tsayuwa ta saki baki. Ta kawo tarihin Dogo tun daga aji ɗaya, har da tagar da ya taɓa fasawa a gidansu. Da ta tsaya shan iska, alƙali ya ɗago.

"Na rubuta 'Ya Mai Shari'a'. Daga nan fa?"

Haka ta koma farko, kalma uku ta jira, kalma uku ta jira, tana murza yatsu. Da aka tace zancen, abu biyu suka rage: Dogo yana da ƙwallo, kuma dogo ne.

"Kin ga ƙwallon ta bugi agogon, 'yata?"

"A'a, amma ai kowa ya sani."

"To, kira mini Kowa ya zo ya ba da shaida."

Malama ta yi dariya tare da yara, hankalinta kwance. Sai aka tambayi Dogo ko yana da mai shaida. Ya sosa ƙeya ya ce ranar Auta ba ta fita tara ba, tana cikin aji.

Malama ta dubi ajin. Ta ga yara arba'in, ga baƙi biyu, ga 'yarta da za a tsayar a tsakiya. Ta matso da sauri.

"Ranka ya daɗe, yarinyar ba ta cika son..."

"Ajiye gorar, 'yata, zo nan," in ji alƙali.

Auta ta tsaya gaban tebur, idonta a ƙasa. "A-a-agogon..."

"Ƙwallo ce ta buge shi ya faɗo, abin da take nufi ke nan," in ji Malama.

Alƙali ya ajiye alƙalami, ya dube ta ta saman tabarau. "Malama, ke aka kira?"

"A'a, ranka ya daɗe, taimaka mata nake."

"Doka ta biyu, yara. Ba a sa wa mai shaida magana a baki, ko da uwarsa ce. Malama, idan kika sake, magatakarda zai raka ki waje."

Dariyar da ta shekara shida tana tarewa ta tashi a ajin, sai dai a kanta ta sauka. Ta koma jikin allo ta harɗe hannu.

Auta ta sake farawa. Ta maƙale, ta ja numfashi, ta wuce. Alƙali bai kalle ta ba, kansa na kan littafi, yana jan alƙalami a hankali. Yaran ma alƙalamin suke kallo, don sun riga sun saba da jira tun a kan Rediyo. Ba wanda ya ko murmusa. Malama kaɗai ke shan wahala, kalmomi sun cika mata baki tana haɗiye su.

Ga abin da ya fito: ana cikin tara, Malama ta dawo ɗaukar wayarta da ta manta. Tana sauri, ta ja ƙofa da ƙarfi, bango ya girgiza, agogo ya faɗo. Ita kuwa ta riga ta yi nisa.

Yara suka juya suka dubi Malama.

"Kin gaya wa wani?" in ji alƙali.

"Na ga-gaya wa Mama. Sau u-uku."

"Me ta ce?"

"Ta ce, 'Na sani, Do-dogo ne.'"

Alƙali ya wanke Dogo, ya bayyana wa yara cewa zargi daban, hujja daban. Dogo ya ɗaga hannu yana tambaya, cikin ladabin da ba a san shi da shi ba, wa zai ƙarasa sauran sharar. Malama ta ce ita ce, ta kuma ba shi haƙuri a gaban kowa. Wannan bai yi mata wuya ba.

Abin da ya yi mata wuya ya zo ne da alƙali ya ce a kotu akan karanta wa mai shaida abin da ya faɗa. Magatakarda ya ɗauki littafin ya karanta. Shafi guda cur, magana a tsare, kowace a mazauninta, har da kalar wayar da inda gilashin ya watsu. Malama ta saurara kamar ana karanta mata wasiƙar wata baƙuwa. Ashe haka 'yarta take magana. Kunya ta kama ta, da wani tausayi da ta rasa ko na yarinyar ne ko na kanta.

"Haka kika faɗa, 'yata?"

"E."

"Akwai ƙari?"

Auta ta juyo ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta.

"A-akwai."

Alƙali ya buɗe sabon shafi. Malama ta laluba bencin da ke kusa ta zauna a tsakanin ɗalibanta. Ta duba cikin ranta ta rasa ko kalma ɗaya ta abin da yarinyar za ta ce, sai ta yi shiru tana jira.